Ƙafar da Gurbin Kaka Ya Jira

Ranar da muka binne Baffa, wan mahaifina, ɗakinmu na unguwar Al Warsan, a Dubai, bai ɗauki masu gaisuwa ba. Ɗaki ne na gadajen ƙarfe, wani a kan wani, don haka aka baje kwalayen kago a baranda mutane suka zazzauna. Duk wanda ya shigo sai ya tuna mana cewa na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Bayan nan kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Wani ɗan Maraɗi mai shagon turare a Deira, abokin hirar Baffa na shekaru, shi ya fi kowa kuka, shi ya fi kowa faɗa.

"Bon, Allah shi jiƙan shi," in ji shi, yana goge ido da hannun riga. "Amma tsohon ga kansa dutse ne. Ƙafa guda fa! An ce a yanke ka rayu, ka ce a'a? Mutum nawa ke yawo da sanda suna cin tuwo?"

A bakin ƙofa wani dattijo Ba'indiye yake tsaye, wanda gadonsa ke saman na Baffa. Bai shigo cikin addu'armu ba, bai kuma tafi ba. Yana rungume da wata 'yar tukunyar jan ƙarfe a ƙirji, kamar mai riƙe da jariri.

Muna cikin haka ƙanena ya kira daga gida. Ya yi kuka, na yi kuka. Sai na jiyo muryar wani saurayi a bayansa, bai san wayar na ɗaukar magana ba, yana cewa, "To ai yanzu ruwa ya buɗe." Nan take na ji muryar Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta daka masa tsawa: "Wa ya gaya maka?" Wayar ta katse.

Ban yi nisa a boko ba, kuma ban saba rubutu mai tsawo ba. Amma ina tsoron a tuna Baffa da taurin kai kawai, ko a tuna shi a matsayin mutumin da ya toshe ruwa. Shi ya sa na zauna.

Mu Sarkawa ne, masunta, daga wani gari a bakin kogin Kwara can ƙasar Yawuri. A gefen garin kogin ya yi lanƙwasa, ya haƙa wani wuri mai zurfi inda ruwa ke juyawa a hankali. Sunansa Gurbin Kaka. Wata tsohuwar giyayya ce iyakarsa. Tun kakanni, ba mai wuce giyayyar nan ya shiga gurbin, ko a ƙafa ko a kwalekwale, sai babban namijin gidanmu ya fara sa ƙafarsa ta dama da bisimilla, a lokacin da ruwa ya ja baya kafin damina. Daga nan gari ya afka da koma da taru, a kama kifi, a share bakin ruwa, a rufe sai wata shekara. Gidanmu ba gidan sarauta ba ne. Ba mu da rawani, ba mu da tambari. Ƙafa kawai muke da ita.

Lokacin da Baffa ya taho Dubai neman abinci, akwai wansa a raye, shi ke sa ƙafa. Mahaifina ya riga ya rasu. Baffa yana nan yana dakon kaya a bakin ruwan Deira aka aiko masa cewa wansa ya cika. Ƙafa ta faɗo kansa yana wata duniya. Ya ce a jira shi baɗi.

Da na zo daga baya, shi ya karɓe ni, shi ya kai ni siton da yake ɗaurin kago. Abin da na fara lura da shi shi ne ranar Juma'a. Bayan ya yi wanka sai ya zauna a bakin gado, ya ɗauko wani gwangwanin man kaɗe da aka aiko masa daga gida, ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan gwiwa, ya shafe ta tun daga idon sawu har tsakanin yatsu. Ta hagun kuwa ko kallo. Duk ta yi kaushi kamar bayan kada.

"Baffa, ita wannan ba 'yar gida ba ce?" na tambaye shi.

"Wannan tawa ce, ta yi haƙuri. Waccan ta gari ce, ajiya aka ba ni."

Idan an tashi daga masallaci sai mu shiga jirgin ƙasa na metro zuwa Deira, ya ce sai mun hau abra, kwalekwalen injin da ke ƙetarar da mutane. Ba shi da abin yi a ɗaya ƙetaren. Ruwan yake so. Zai zauna a gefe ya saki hannu, in ya hango robar ruwa tana yawo sai ya miƙa ya cafke ta. Direban abra ya yi ta ihu, "Baba, yalla, zauna, za ka faɗa!" Baffa ya yi dariya ya ce da ni, "Ji wanda zai koya wa kifi iyo." Mukan sauka da robobi cike da ledarsa, ni kuwa ina tafiya nesa da shi don kada 'yan garinmu su ce tare muke. Wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan da nake jin kunyarsu yanzu.

Yana da maganganu. Idan wani ya yaba tsabtar garin nan, sai ya ce, "Ruwan da aka saya shi ake lallashi. Na kyauta shi ake yi wa fitsari." Idan na bar famfo yana zuba, sai ya ce, "Rufe masa baki, ba shi da uwa a nan."

A shekarun farko mutanen gari ba su damu da rashin buɗe gurbin ba. Cewa suke a bar kifi ya yi ƙiba. Amma kasuwar da ke sama da mu ta girma, leda ta yi yawa, masu wanke ƙasar zinariya suka riƙa sako ja-jan ruwa. Duk abin da kogi ya kwaso, juyin gurbin nan sai ya janye shi ya ajiye. Kainuwa ta rufe samansa. Mushen akuya kan kwana a ciki har ya narke. Mata kuwa a ƙasa da shi suke ɗiban ruwa.

Ƙanena ya tara samari, hukuma ta ba su manjagara da safar hannu da kwalekwale. Suka share gaɓa daga mashigar kasuwa har giyayya, sun yi aiki na gaske. A nan suke tsayawa, don Gwaggo tana zaune a gindin bishiyar da sandarta. Ko ba ta nan ma ba mai shiga, kowa ya san labarin wanda ya taɓa gwadawa ruwa ya riƙe shi. Da ruwan sama ya sauka sai gurbin ya amayo abin da ya haɗiye, gaɓar da aka share ta koma yadda take. Su sake sharewa, ya sake amayowa.

Ƙanena kan aiko da bidiyo. Baffa zai riƙe wayar nesa da ido, ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake sa masa. Wata rana ƙanena ya kira yana huci.

"Baffa, yara suna ta gudawa. Ga kwalekwale, ga mutane, ga rana. Ka ce bisimilla daga nan, ni in sa ƙafa a madadinka."

"Ɗana, ba a sa ƙafa ta waya."

"To ka zo!"

"Ina nan tafe. Baɗi, in Allah ya kai mu."

"Baɗin nan ta haifi 'ya'ya, Baffa."

Bai yi fushi ba. Ya ajiye wayar a kan gado ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ba zai iya zuwa ba, kuma duk mun sani. Bizarsa ta mutu a lokacin da aka daina sabunta wa 'yan ƙasarmu, tara ta hau kansa, ya zama mutumin da ke sauya hanya in ya hango motar 'yan sanda. Daga sito sai ɗaki. Ko hawan abra ya rage. Fita ƙasar ta gagara, zama ya gagara.

A ranar ce muka yi faɗan da ba zan manta ba. A lokacin na cika kunnena da wa'azin waya, ina jin kaina wani abu. Na ce masa a gaban mutanen ɗaki, "Baffa, wannan abin naku shirka ce. Ruwa ruwa ne. Ka bar yara su shiga, ka tuba."

Ya ɗago kai a hankali. "Ustazu ya yi magana. Ustazu, wa ke tashin ka sallar asuba?"

Mutane suka yi dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage.

"Ban taɓa yi wa ruwa sujada ba," in ji shi. "Ban yanka masa ko ɗan tsako ba. Amma ka saurara. Wurin nan shi kaɗai ya rage da mutanen garinmu ke jin kunyarsa. Ran da aka buɗe shi ta waya, gobe mai wankin babur zai shiga, jibi mahauci ya zuba tumbi. Wanda ba ya jin kunyar ruwa, kashi zai yi a ciki."

"Ai kunyar ce ta mai da shi juji," na ce.

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wannan kuma gaskiyarka ce." Mun yi kwanaki ba ma magana, amma kullum in na dawo daga aiki tuwona na nan a rufe. Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Ustazu, har ya koma ga Allah.

Shi wannan Ba'indiyen na gadon sama, abotarsu da Baffa a kan ruwa ta ƙullu. Garinsu yana bakin babban koginsu mai tsarki, wanda suke kira Ganga, kamar gangar kiɗa. Ruwan kogin ne a cikin 'yar tukunyar jan ƙarfen nan, an liƙe bakinta, yana ajiye da ita don ranar mutuwarsa. Da gurguwar Larabcin da kowa ke yi a nan suke hira, rabi da baki rabi da hannu. Ya gaya wa Baffa cewa su uwa suke kiran kogin, kuma ba abin da zai iya ɓata ta. Sai ya nuna masa hoton ɗansa a cikin kwalekwale, cikin masu aikin share kogin, yana tsamo leda da ruɓaɓɓun furanni da wata 'yar raga mai kama da matatar koko.

Baffa ya kalli hoton ya girgiza kai. "Habibi, ku ma haka? A ce mata uwa, a juye mata shara a ka?"

"Sem-sem, Baba," in ji Ba'indiyen, wato duk ɗaya ne, yana nuna ƙirjinsa yana nuna na Baffa.

Daga ranar Baffa ya shiga tsintar igiyoyin ɗaurin kago da ake zubarwa a sito. Da yamma in an tashi sai ya zauna a baranda, ya maƙala bakin igiya a babban yatsan ƙafarsa ta hagu, yana saƙa. Ya yi watanni a kai. Taru ya saƙa, dogo, mai manyan idanu don kifi ya wuce leda ta tsaya, ya ɗaura robobin da ya tsamo daga abra a samansa don ya yi iyo. Da Ba'indiyen zai tafi hutu ya naɗe masa shi a buhu. Bayan wani lokaci hoto ya zo: ga tarun a gicciye a bakin wata magudana, ya tare tulin shara, ga samari suna ja suna dariya. Baffa ya nuna wa duk wanda ya shigo ɗakin. Da ya rage daga ni sai shi, ya ce, "Hannuna ya je kogin wasu, ƙafata ta kasa zuwa nawa."

Sai aka yi shelar afuwa. Duk wanda takardunsa suka mutu ya fito, a sallame shi ya tafi gida ba tara. Baffa ya wanke kayansa, ya sa gwangwanin man kaɗe a saman jaka. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta makon nan ba.

Ni na hana shi. Ban riƙe masa jaka ba, baki na sa. Na san inda ke masa ciwo. Na ce, "Baffa, da me za ka shiga gari? Da wannan jakar? A ce ga wanda Dubai ta tauna ta tofar? Ka bari mu gama lodin kayan azumi, ka samu abin riƙewa a hannu, shwayya-shwayya, a hankali dai, ai afuwar ba yau za a rufe ba." Gaskiyar kuwa ita ce ina tsoron ɗakin nan ba shi a ciki. Ina tsoron cin abinci ni kaɗai, ina tsoron ranar Juma'a. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya zuge jakar ya tura ƙarƙashin gado. Kafin a gama lodi an rufe ƙofa.

Ƙusar katakon ɗora kaya ce ta huda silifas ɗinsa, ta shige tafin ƙafar dama. Yana da ciwon suga, shi ma bai sani ba. Saboda rashin takarda ya ƙi asibiti, ni kuma na ba shi goyon baya, ina sayo maganin shafawa a kemis ina cewa gobe za ta yi sauƙi. Ba'indiyen ne ya ga yatsun sun yi baƙi, ya sauko daga gadonsa ya zage ni da yarensu, ya kira motar asibiti da kansa.

An karɓe shi, ba wanda ya yi maganar takarda a ranar. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta ce ruɓar tana hawa, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma ba lokacin jira. Ɗan Maraɗi ne ke yin tafinta.

"Ce mata ta ɗauki ta hagun," in ji Baffa. "Ita ce tawa."

"Tsoho, ba wasa ake ba!" in ji ɗan Maraɗin.

"Ni ma ba wasa nake ba."

Na durƙusa a gefen gadon. "Baffa, don girman Allah. Ka bari a yanke, in mun je gida ka shiga da ta hagu. Wa zai hana ka?"

Ya juyo da kai. Zazzaɓi ya busar masa da leɓe, amma idonsa tar yake. "Ustazu, kai ne mai karatu. Ina ake shiga da ƙafar hagu?"

Shi ya ba kansa amsa.

"Ban-ɗaki. Abin da mutane suka mai da shi ke nan, sai ni ma in je in sa musu hannu?" Ya numfasa. "Bar ta. Ko ta warke in kai musu abarsu, ko ta sauka kan mai takarda."

Ni yake nufi, ni mai biza da ke bin sa a layi, amma na yi kamar ban gane ba. Likitar ta dawo, ta sake dawowa, ta kawo wani babba ya yi masa bayani. Ya gode musu duka. Da hantsin wata Laraba ya yi kalmar shahada, ya cika.

Ni na yi masa wanka. Da na zo kan ƙafar, sama da inda ciwon ya ci, fatar tana nan da laushi kamar ta amarya. Ba'indiyen ya biyo mu har ƙofar wurin wanka da tukunyarsa, ya roƙa a bar shi ya ɗiga ruwan a kan ƙafar, ruwan da ya ajiye wa kansa. Muka ce addininmu bai yarda ba. Ya gyaɗa kai, bai ja ba. Amma na ga abin da ya yi niyyar bayarwa, kuma ban taɓa ba Baffa kwatankwacinsa ba. Muka kai shi maƙabartar baƙi, cikin rairayi, inda ko kukan kwaɗo ba a ji.

Ban ce Baffa ya yi daidai ba. Malamai sun gaya mini rai ya fi gaɓa, kuma na yarda. Yaran da suka sha ruwan nan suka kwanta ma suna da hakki. Amma mutumin da aka ba ajiya ya riƙe ta har ta kashe shi, ban san sunan da zan kira shi da shi ba sai mai amana.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo ta sa aka kira mata ni. Ba ta ce yaya haƙuri ba.

"Ɗan nan, ƙafarka lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

"To ita ake jira."

Na ce mata na sauka, na bar wa ƙanena, shi yana gida, shi ya yi wahalar. Ta ce, "Haihuwa riga ce da za ka tuɓe ka miƙa wa na baya? Kana numfashi ba mai wuce giyayyar nan." Na ce mai sito ba ya ba da hutu a wannan tsakanin. Na je na same shi, ya ce in na tafi khalas, aiki ya ƙare ke nan, akwai masu jiran gadona. Da shekaruna da ɗan karatuna ba mai sake ba ni biza, kuma daga albashin nan matata da 'ya'yana suke ci. Duk na jera mata. Sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, ki bari baɗi, in Allah ya..."

"Kul!" in ji ta. "Na san wannan kalmar. Ita ta binne mini ɗan'uwa a cikin yashi."

Na yi mata alkawari zan zo kafin ruwan farko ya sauka. Har yanzu ban koma wurin mai sito da maganar tafiya ba. Kullum da safe ina shiga motar ma'aikata, ina ɗaure kago da leda mai naɗi bisa naɗi, wadda na san wata rana a wani kogi za ta ƙare. Ƙanena ya aiko da sabon bidiyo, samari a tsaye a gindin giyayya da manjagara a kafaɗa, suna kallon kainuwa. Ban iya kallonsa har ƙarshe ba.

Don haka 'yan'uwana na Deira da Muraqqabat da Warsan, duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa abu biyu. Ya yi wa Baffa addu'a: Allah Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin da ba ya gurɓata. Na biyu, in damina ta faɗi a gida ya gan ni a layin metro, kada ya amsa sallamata.

Juma'ar da ta wuce na fito daga wanka na zauna a bakin gadon Baffa. Ban san lokacin da na jawo jakar nan daga ƙarƙashi ba. Ba'indiyen ya leƙo daga sama, ya gan ni da ƙafar dama a kan gwiwa ina shafa mata mai, ya mai da kansa. Man kaɗen ya kusa ƙarewa, har ana ganin gindin gwangwani. Na yi rantsuwa ba zan sa a aiko mini da wani ba.